Idan Bala'i Ya Cinye Garke a Amurka, Yaya Gwamnati Ke Biyan Makiyayi?

Ranar 26 ga Fabrairun 2024 wata ruɓaɓɓiyar falwaya ta karye a kusa da garin Stinnett, can arewacin jihar Texas, wayar lantarki ta faɗa cikin busasshiyar ciyawa. An yi rashin sa'a ana iska mai ƙarfi a ranar. Kafin a shawo kan wutar ta lashe fili fiye da eka miliyan ɗaya, wanda in aka auna ya ɗara faɗin jihar Legas. Ba a taɓa yin wutar daji mai girmanta ba a tarihin jihar. Aka sa mata suna Smokehouse Creek, sunan wani rafi da ke wurin. Kwamitin da majalisar dokokin Texas ta kafa don bincike ya ce shanun da suka salwanta a gobarar yankin sun haura 15,000.

Waɗanda wuta ta kashe nan take su ne ma suka huta. Da yawa an same su washegari a tsaye, kofato ya ƙone har ya fara saɓulewa, hantsa ta babbake, ido ya rufe saboda hayaƙi. Lokacin haihuwar shanu ne a yankin, don haka wasu na da tsohon ciki, wasu na da ɗanyen goyo. Saniyar da hantsarta ta ƙone ba ta iya shayarwa, wadda kofatonta ya tafi kuwa ba ta iya zuwa wurin ruwa. Masu garken suka yi kwanaki suna zagaya makiyaya da bindiga suna ƙarasa dabbobinsu da hannunsu. Duk wanda ya taɓa kiwo, ko da akuya ɗaya ce, ya san abin da wannan ke nufi.

Taimakon farko bai fito daga gwamnati ba. Manyan motoci ne suka riƙa shigowa garuruwa irin su Canadian da Pampa ɗauke da damman ingirici da buhunan abincin dabbobi da naɗin wayar shinge, gudummawar makiyayan wasu gundumomi da wasu jihohi. Kuɗin gwamnati ya zo daga baya, kuma ya biyo wata hanya da aka shata tun kafin wutar ta tashi. Wannan hanyar ce ta cancanci a san ta, domin ita ke nuna yadda ƙasa mai arziki ke yanke wa za ta biya, nawa, kuma bisa wace hujja.

Ofishin da ke gunduma

Amurka na da gundumomi sama da 3,000, Texas kaɗai na da 254. Gunduma a can kusan kamar ƙaramar hukuma take a wurinmu, sai dai wasunsu fili ne fetal ba mutane. Gundumar Hemphill, wadda wutar ta fi yi wa ɓarna, mutanenta ba su kai 4,000 ba, shanu sun ninka su. A mafi yawan irin waɗannan gundumomi akwai wani ɗan ofishi na hukumar hidima ga manoma, wadda ake kira FSA a taƙaice, reshen Ma'aikatar Noma ta tarayya. Ofisoshinta sun haura 2,000 a faɗin ƙasar. Can makiyayi ke zuwa idan asara ta same shi, can kuma fayil ɗin gonarsa yake: lambarta, faɗinta, nawa ne makiyaya, nawa ne na noma, tasa ce ko haya ya karɓa.

Kowane ofishi yana da kwamiti na manoma da makiyayan wurin, mutum 3 zuwa 11, waɗanda 'yan uwansu ke zaɓa su yi shekara uku. Tsarin ya samo asali ne tun shekarun 1930, zamanin Shugaba Roosevelt, lokacin da karayar tattalin arziki da fari suka haɗu suka durƙusar da karkarar Amurka. Kwamitin ne ke duba takardar mai neman diyya ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Hikimar a fili take: wanda ya ce ya yi asarar shanu 300 alhali bai taɓa mallakar 100 ba, maƙwabcinsa da ke zaune a kwamiti ya sani. Sharrin tsarin ma a fili yake, za mu zo kansa.

Diyyar dabbar da ta mutu

Shirin da ke biyan mushe shi ake kira LIP. Ƙa'idarsa gajeriya ce. Idan dabba ta mutu sanadin mummunan yanayi, wato wutar daji ko ambaliya ko guguwa ko dusar ƙanƙara ko tsananin zafi ko sanyi, gwamnati na biyan kashi 75 cikin ɗari na darajarta a kasuwa. Ba shanu kaɗai ba, har tumaki da awaki da aladu da kaji da dawakin aikin gona. Haka nan dabbar da ta ji rauni aka sayar da ita a wulaƙance cikin kwana 30, ana cike wa mai ita wani abu na giɓin.

To amma akwai sharuɗɗa biyu da suke rage kuɗin tun kafin a fara lissafi. Na farko, ba duk mushen ake ƙirgawa ba. Gwamnati ta san ko ba bala'i garke yana rasa wasu dabbobi kowace shekara, don haka kowace jiha tana da adadin da aka yanke a matsayin mutuwar da aka saba, ana cire shi tukuna. Na biyu, darajar da ake magana ba wadda mai saniya ya sani ba ce. Ma'aikatar Noma ce ke fitar da farashi guda na ƙasa baki ɗaya ga kowane rukuni: bijimi kaza, saniya kaza, maraƙi gwargwadon nauyinsa kaza.

Bari mu ƙaddara misali. A ce mutum na da shanu 100, wuta ta kashe 40. A ce mutuwar da aka saba a jiharsa biyu ce cikin ɗari, sai a cire biyu, saura 38. A ce farashin gwamnati na saniya dala 1,600 ne, kashi 75 ɗinsa 1,200 ke nan. Za a ba shi dala 45,600. Kuɗi ne mai kauri, amma in ya shiga kasuwa neman shanu 40 masu ciki, ba za su saya masa ba, balle a 2024, shekarar da ta fara da shanu miliyan 87.2 a Amurka, adadi mafi ƙanƙanta tun 1951. Shanu sun yi ƙaranci, farashi ya hau. Wanda kuma ya shekara talatin yana zaɓen iri, yana ajiye karsanar da uwarta ta fi nono da haƙurin fari, shi da wanda ya sayo nasa bara a kasuwa, farashi ɗaya takarda ta ba su.

Inda aikin yake shi ne hujja. Bai isa mutum ya zo ya rantse ba. Dole ya nuna abu biyu: yawan dabbobin da yake da su kafin bala'in, da kuma cewa waɗannan sun mutu, ga ranar, ga dalilin. Na farko ana nuna shi da littafin haihuwar maruƙa, rasiɗin saye da sayarwa, takardar likitan dabbobi ta rigakafi ko gwajin ciki, takardun banki in an ci bashi da garken, ko na haraji. Na biyu kuwa da hotuna masu kwanan wata, ko rasiɗin kamfanin da ya kwashe mushen, ko shaidar wani da ba ɗan gida ba kuma ba shi da rabo a garken. Shi ya sa abin da jami'ai ke fara gaya wa makiyaya bayan kowace gobara shi ne kada su binne komai sai sun ɗauki hoto. Sai ka ga mutum tsaye cikin toka, waya a hannu, yana bin mushen shanunsa ɗaya bayan ɗaya, yana neman kusurwar da lambar kunne za ta fito, in robar ba ta narke ba.

Nan ne na ga bambancin da ya fi na kuɗi tsakanin makiyayin can da namu. A ƙasar Hausa gwamnati ta fara ƙirga shanu ne don ta karɓi jangali, sai makiyayi ya koyi cewa lafiyarsa ita ce kada hukuma ta san adadin garkensa. An soke jangali a Kano da Kaduna tun 1979, amma ɗabi'ar ba ta tafi ba, ga shi kuma tun asali Bafulatani ba ya son a ƙirga masa shanu. A Texas kuwa saniyar da ba a rubuta ta tana raye ba, da wuya a biya ta in ta mutu. Makiyayin can ba ya fi namu gaskiya ba ne. Ya dai ga ranar da takarda ta amfane shi.

Darasin Dakota ta Kudu

Wannan shiri bai kasance tsayayye ba sai bayan wani abin kunya. A farkon Oktoban 2013 wata guguwar dusar ƙanƙara ta afka wa yammacin jihar Dakota ta Kudu tun lokacinta bai yi ba. Ruwan sama ya fara jiƙa shanun sharkaf, sannan ƙanƙara da iska suka biyo baya. Shanun suna makiyayar bazara a fili, ba su riga sun fitar da gashin hunturu ba. Suka riƙa bin iska har suka taru a jikin shinge da cikin kwazazzabai, suka mutu a can, dubun-dubatarsu.

Makiyayan suka nufi ofishin FSA suka tarar da shi a kulle. Tun ranar 1 ga Oktoba gwamnatin tarayya ta rufe ayyukanta saboda majalisa ta kasa amincewa da kasafin kuɗi, rufewar da ta ɗauki kwana 16. Ko da ma a buɗe yake, ba abin da zai ba su, domin wa'adin shirin diyyar ya ƙare tun ƙarshen Satumban 2011 kuma ba a sabunta shi ba. Sai a ranar 7 ga Fabrairun 2014 Shugaba Obama ya sa hannu a sabuwar dokar noma, wadda ta mai da shirin da makamantansa na dindindin, ta kuma koma baya ta ɗauki asarar da aka yi tun Oktoban 2011. Aka buɗe rajista a tsakiyar Afrilu, fiye da wata shida bayan shanun sun mutu. Tun daga nan kuɗin ke fitowa daga wani asusun Ma'aikatar Noma da aka kafa a 1933, mai izinin ranto har dala biliyan 30 daga baitulmali, ba sai an jira majalisa ta zauna kan kowane bala'i ba. A ganina wannan shi ne ginshiƙin tsarin duka. Makiyayin Hemphill bai jira gwamna ya zo jaje da alkawari ba, domin tun kafin wuta ta tashi doka ta riga ta faɗi abin da yake bi.

Taswirar ranar Alhamis

Wuta da ƙanƙara su ne ke shiga labarai, amma mafi yawan kuɗin fari ne ke cinye shi. Fari ba ya kashe saniyar Ba'amurke kai tsaye, aljihunsa yake kashewa: ciyawa ta ƙare, dole ya sayi ingirici da tsada ko ya sayar da garke da arha. Shirin da ke kula da wannan shi ne LFP, kuma yadda yake aiki ya bambanta ƙwarai. Ba wanda ke zuwa duba makiyayarka. Taswira ce ke yanke hukunci.

Tun 1999, kowace Alhamis, wata cibiyar nazarin fari da ke Jami'ar Nebraska a Lincoln, tare da Ma'aikatar Noma da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, suna fitar da taswirar fari ta Amurka. Ana haɗa ta da ma'aunin ruwan sama, yawan ruwan rafuka, damshin ƙasa, hotunan tauraron ɗan'adam da rahoton mutanen da ke wurin. Matakai biyar gare ta, daga D0 mai launin rawaya, wato ƙasa ta fara bushewa, zuwa D4 mai launin ja mai duhu, fari ya kai maƙura. Lokacin gobarar Texas ƙa'idar ita ce, in wani yanki na gunduma ya yi mako takwas a jere a D2 cikin lokacin kiwo, makiyayanta na da kuɗin abincin dabbobi na wata ɗaya. In ta taɓa D3, wata uku. In ta yi mako huɗu a D4, wata biyar, wanda shi ne ƙoli. Kuɗin watan ma ba cikakke ba ne, kashi 60 cikin ɗari ne na abin da aka ƙiyasta dabba za ta ci, ana lissafa shi da farashin masara. Mutum ɗaya kuma ba ya karɓar fiye da dala 125,000 a shekara daga wannan shirin.

Amfanin taswira shi ne ba ta san ɗan wane ba, kuma ba ta karɓar na goro. Aibinta shi ne ruwan sama bai san iyakar gunduma ba. Ana samun makiyaya biyu, hanya ce kawai ta raba su, ciyawarsu ta bushe iri ɗaya, amma ɗaya ya samu wata uku ɗaya ya tashi a tutar babu, don jan launin ya shafi kusurwar gundumar wancan bai shafi ta wannan ba. Haka nan wanda hadari ya yi wa gata a cikin gundumar da aka shafa wa ja, shi ma yana karɓa. Saboda haka makiyayan yammacin Amurka suna bin taswirar nan kamar yadda ɗan kasuwa ke bin farashin dala, har suna aika wa masu zana ta hotunan busassun tafkuna da tsagaggiyar ƙasa don a san halin da suke ciki.

Abin mamaki, wannan shirin bai taimaki mafi yawan waɗanda wutar Texas ta cinye wa ciyawa ba. Yana biyan asarar gobara ne kawai idan a filin gwamnatin tarayya mutum ke kiwo aka hana shi shiga, ita kuwa Texas kusan duk ƙasarta ta masu zaman kansu ce. Su sai suka koma wani shirin na uku, ELAP, wanda shi ne kwandon da ake zuba abin da sauran biyun suka bari: ciyawar da ta ƙone a filin mutum, kuɗin jigilar ruwa da tanka, kuɗin ɗauko abincin dabbobi daga nesa, har asarar masu kiwon zuma da kifi. A 2024 ma an shigar da madarar da masu shanun tatsa suka rasa lokacin da murar tsuntsaye ta shiga garkunansu.

Sai shinge. Mai karatu da ya saba da kiwon sanda zai yi mamakin jin cewa a ƙiyasin farko na masana tattalin arzikin noma na jami'ar Texas A&M, wanda ya kai dala miliyan 123, fiye da rabin asarar ba ta shanu ba ce, ta shinge ce da sauran gine-ginen makiyaya. Kiwon can ba mai bin garke. Wayar ƙaya ce makiyayin, kuma kafa mil ɗaya nata ya haura dala 10,000. Wanda shingensa ya ƙone, ko an ba shi shanu kyauta ba shi da inda zai sa su. Akwai wani shiri dabam da ke ɗaukar har kashi 75 na kuɗin gyaran.

Bayan waɗannan na dindindin, majalisa kan ƙara wani abu idan shekara ta yi muni sosai. Ta ware dala miliyan 750 saboda farin 2021, ta kuma ware biliyan 2 a Disambar 2024 don asarar 2023 da 2024. A zagayen farko na irin wannan biyan ba a ma nemi makiyaya su cike sabuwar takarda ba. An ɗauki bayanan da suka riga suka bayar a shirin fari aka tura musu kuɗi ta banki. Wanda bai yi rajista a baya ba, wannan ma ya wuce shi.

Wa ke cin moriyar?

Tunda da kan dabba da faɗin fili ake lissafi, mai babban garke shi ke kwasar babban rabo. Lokacin gobarar Texas akwai iyaka cewa wanda matsakaicin kuɗin shigarsa ya wuce dala 900,000 a shekara ba ya cikin masu karɓa, amma diyyar mushe ba ta da rufi tun 2018. Masu suka suna cewa biyan kuɗin fari shekara bayan shekara yana sa a ci gaba da tara shanu a ƙasar da ba ta iya ɗaukarsu. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya, ko da yake wanda ya ga yadda gari ke mutuwa idan makiyayansa suka sayar suka tashi, ba zai yi saurin cewa a daina ba.

Sai batun kwamitin gunduma da na ce za mu dawo kansa. Maƙwabcin da ya san adadin shanunka shi ne kuma ya san launin fatarka. Shekaru da dama manoma baƙaƙen fata, musamman a jihohin kudu, suna kukan cewa ofisoshin gunduma na danne takardunsu na bashi da tallafi, ko a ja musu rai har lokacin shuka ya wuce. Ƙarar da wani manomi mai suna Timothy Pigford ya jagoranta ta kai ga sasantawa a 1999, aka biya kimanin dala biliyan ɗaya, sannan aka amince da ƙarin biliyan 1.25 a 2010 ga waɗanda suka makara. A 2010 ɗin ne kuma aka sasanta irin wannan ƙara ta manoma da makiyaya 'yan asalin ƙasar, wato Indiyawan Amurka.

Su kuwa mutanen Hemphill da maƙwabtansu suna da wata ƙofar bayan ta gwamnati. Kamfanin lantarki na Xcel Energy ya amsa cewa ga alama kayansa na da hannu a tashin wutar, ko da yake ya musanta cewa sakaci ya yi, ya buɗe hanyar karɓar koken diyya, wasu kuma suka kai shi kotu. Wanda fari ya cinye ba shi da wanda zai kai ƙara.

Abin da ba wanda ke biya shi ne lokaci. Karsana sai ta shekara biyu take haihuwar fari, cikin saniya wata tara ne, maraƙi kuma sai ya yi wata shida zuwa takwas ake yaye shi a kai kasuwa. Makiyayar da ta ƙone ma tana bukatar ruwan sama da hutu kafin a sake sakin dabba a kanta. Cikin waɗannan shekaru banki na jiran kuɗinsa. Wannan ne ya sa makiyayan Texas suka dage kan wani giɓi da gobarar ta tona: saniya mai tsohon ciki in ta mutu, doka na ƙirga ta a matsayin kai ɗaya, alhali maraƙin da ke cikinta shi ne kuɗin shekarar. Dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta gyara wannan. Ta rage makonnin da gunduma za ta yi a D2 daga takwas zuwa huɗu, ta ɗaga diyyar dabbar da namun dajin da gwamnati ke karewa suka kashe, kamar kyarkeci, zuwa cikakken farashi, ta kuma sa a riƙa biyan ɗan da ke ciki, har da asarar da aka yi tun 1 ga Janairun 2024, wadda ta haɗa da shanun Smokehouse Creek. Sharaɗin shi ne saniyar ta kasance da ciki ranar da ta mutu, don haka wanda ya adana takardar gwajin cikin da likita ya yi wa garkensa kafin wutar, yanzu ya san inda zai kai ta.